Burtalin Barewa da Kwalta Ta Yanke a Wani Kwazazzabo na Wyoming

## Wurin da dabbar

A kudu maso yammacin jihar Wyoming ta Amurka, tsakanin garin Kemmerer da na Cokeville, babbar hanya mai lamba 30 ta ratsa wani kwazazzabo a tsakanin duwatsu. Rafi na bin ƙasan kwarin, layin dogo na gefensa, kwalta kuma na biye da su. Tsawon wurin da ake magana a kai kilomita 21 ne. Hanyar hannu biyu ce kacal, na tafiya da na dawowa, amma direbobin tirela sun mayar da ita yanke: wanda ya fito daga gabas zai nufi Idaho ya gwammace ya biyo nan da ya yi zagaye ta Utah. Gudun da doka ta yarda da shi a shekarun da za a ba da labari kilomita 105 ne a awa.

Barewar wurin ta bambanta da ta dajinmu. Ta fi ta girma nesa ba kusa ba, kunnuwanta fala-fala kamar na alfadari, shi ya sa ma Turawa suka yi mata suna da alfadarin. Namiji ne kaɗai ke da ƙaho, ƙahon mai rassa ne, yana zubar da shi duk shekara wani ya tsiro. Garken da ke bi ta kwazazzabon ɓangare ne na babban garken tsaunukan Wyoming Range. Daga Yuni zuwa Oktoba suna can saman tsaunuka inda ciyawa da ganye ke da ɗanyen jiki. Da dusar ƙanƙara ta fara rufe saman, sai su gangaro kudu zuwa tuddai da filayen da iska ke share ƙanƙarar, su yi hunturu suna tsinkar ganyen wasu ƙananan itatuwa masu ɗaci. Da ƙasa ta fara kore, daga Maris zuwa Mayu, su juya su koma.

Abin da ya sa wannan ƙaura ta zama matsala shi ne barewar ba ta sauya hanya. Binciken da aka yi da na'urorin da ake rataya musu a wuya ya nuna mace kan bi sawu ɗaya shekara da shekaru, ta yada zango a inda ta saba yadawa, ɗanta kuma a bayanta yake ganin hanyar tun yana ɗan wata biyar ko shida. Burtali ne sosai, sai dai babu wanda ya shata shi da turaku. Kwaltar kuma ta yanke shi a tsakiya, har ta raba makiyayar hunturun kanta gida biyu, ta yadda ko bayan an gama ƙaura wasu barewar na tsallakawa safe da yamma.

## Abin da ya shafi mafarauta

Wannan garke ya yi suna a wajen mafarautan Amurka saboda mazansa masu manyan ƙaho. Ana buɗe farauta a tsaunukan daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, gwargwadon yanki, kuma sai da lasin. Ɗan jihar kan saya kai tsaye, baƙo daga wata jiha kuwa sai ya shiga ƙuri'a, wani ya yi shekaru yana jira kafin ta faɗo kansa. Kuɗin lasin ɗin, haɗe da harajin da dokar tarayya ta 1937 ta ɗora wa bindigogi da harsasai, su ne ƙashin bayan hukumar kula da namun daji ta jihar.

Galibi maza ake barin mafarauci ya harba a wannan yanki, don namiji ɗaya na iya hawan mata da yawa, garke ba ya raguwa sosai in an ɗebi mazansa. Mota kuwa ba ta duba lasin. Mata da 'ya'ya ne suka fi yawa a garke, don haka su ne suka fi yawa a kan kwalta. Ana barbara a Nuwamba zuwa farkon Disamba, ciki kwana ɗari biyu ne ko kusa da haka, haihuwa a Yuni, tagwaye kuma ba abin mamaki ba ne. Macen da tirela ta taka a Maris, sau da yawa rai uku ne suka tafi tare.

Daga 1990, lissafin da aka riƙa yi ya nuna motoci na kashe barewa wajen 130 duk shekara a wannan ɗan taƙi. Wannan gawar da aka gani aka ɗauke ke nan. Wadda ta ja ƙafa ta shiga jeji ta mutu ba ta cikin lissafi.

## 1986 zuwa 1989: doka, madubai da shingen farko

A 1986 majalisar dokokin jihar ta yi doka ta musamman kan wannan kwazazzabo, ta umarci hukumomin jihar, musamman ta hanyoyi da ta namun daji, su haɗa kai su nemo mafita.

Abin da aka fara gwadawa shi ne wasu ƙananan madubai masu suna Swareflex, waɗanda ake kafawa a kan turaku jere a gefen hanya. Hikimar masu su ita ce, fitilar mota in ta dake su za su watsa jan haske cikin jeji, barewa ta ga kamar an ja mata layi ta tsaya har motar ta wuce. Suna da araha idan aka kwatanta da gini, kuma ba sa tare kowa. An gwada su yadda ya kamata: a rufe su na wani lokaci, a buɗe su na wani lokaci, ana ƙirga gawa a kowane hali. Sakamakon da aka wallafa a 1993 ya nuna buɗe madubin bai rage mutuwar ba.

A 1989 aka ja shingen waya mai tsayin mita 2.4, tsawon kusan kilomita 11, wato rabin wurin ke nan. An bar kafa guda a alamar mil ta 30.5 (turken gefen hanya mai nuna nisa a mil), inda barewar suka fi tsallakawa, aka kafa allunan gargaɗi gabas da yamma da ita. Tunanin shi ne a tattaro dabbobin su tsallaka a wuri ɗaya sananne, direba ya san inda zai yi hattara. Shingen ya yi nasa aikin, ya tattaro su. Direbobi ne ba su taka birki ba. Allon da ke tsaye yana gargaɗi dare da rana, rani da damina, ko da barewa ko babu, ido kan saba da shi har ya daina ganinsa. Abin da aka samu shi ne kafa guda da dubban dabbobi ke tururuwa ta cikinta, su fito kan kwaltar da tirela ke sharara gudu.

## Disamba 2000 zuwa Mayu 2001: fitilar da ke farkawa in ta ga barewa

Tunda matsalar allon ita ce yawan kururuwar ƙarya, sai aka nemi allon da ba zai yi magana ba sai da dalili. A hunturun 2000 zuwa 2001 aka gwada wani tsari da ake kira FLASH a bakin kafar: na'urori masu gano dabba in ta shigo mashigar, waɗanda ke kunna fitilu masu walƙiya a jikin allon nan take. Masu bincike daga Jami'ar Wyoming suka zauna auna gudun motoci, fitila a kunne da fitila a kashe.

Waɗanda suka fi kowa rage gudu su ne masu ƙananan motoci da daddare, su ma kashi 6 cikin ɗari suka rage, kimanin kilomita 6 a awa. A lissafa: motar da ke gudun 105 na cin mita 29 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 99 kuma mita 27 da rabi. Ga barewar da ta daskare a tsakiyar kwalta fitila ta cika mata ido, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Masu binciken sun yi wata dabara da ta fito da halin direbobi fili. Suka ajiye gunkin barewa a mashigar, suka kunna fitilun. A nan gudu ya ragu da kashi 20 cikin ɗari. Wato direba na taka birki ne in ya ga dabbar da idonsa, fitila kawai ba ta ishe shi hujja ba. Sun kuma lura cewa yawancin masu bin hanyar baƙi ne masu dogon zango, ba su san wurin ba, ba su taɓa ganin abin da ke faruwa a cikinsa ba. Suka yanke cewa tsarin zai iya amfani a hanyar da 'yan gari ke bi a hankali, amma bai dace da wannan ba.

## 2001 zuwa 2007: gadar ƙasa guda ɗaya

A 2001 aka toshe kafar, aka gina gadar ƙasa a wurin. In an ce gadar ƙasa kada a hango irin ta cikin birni. Katon kwalbati ne na kankare mai kusurwa huɗu, faɗi wajen mita 6, tsayi mita 3 da ɗoriya, tsawo mita 18, ƙasansa turɓaya. Mota a sama, dabba a ƙasa.

Aka sa kyamarar bidiyo a bakinsa, kuma aka yi wani gwaji mai amfani ga duk wanda zai biya kuɗin kankare: aka riƙa rage girman ramin da allunan katako, yau a tsuke faɗi, gobe a sauko da rufi, a ga a ina barewa za ta ce ta fasa. An gano tsuke faɗi ya fi korar su fiye da rage tsayi. Dabba ce da ta dogara da hangen nesa da gudu. Tana son ta ga haske da fili a ɗaya ƙarshen, ta kuma ji tana da wurin kaucewa in wani abu ya taso mata.

A alamar mil ta 30.5 mutuwa ta ragu. Amma da aka haɗa lissafin kilomita 21 ɗin gaba ɗaya, raguwar kaɗan ce. Shingen bai rufe ko'ina ba, barewar da ta ƙi ramin kuma tana iya bin waya har inda ta ƙare, ta hau kwalta a can. Gawar da a da ake kwasa a wuri ɗaya, yanzu a wani wurin ake kwasarta.

## 2008: shinge har ƙarshe da ƙarin gadoji shida

A 2008 hukumar hanyoyi ta ƙara gadojin ƙasa shida masu girma irin na farkon, suka zama bakwai, ta kuma ja shingen ya rufe tsawon wurin duka, hagu da dama. An kammala kafin ƙaurar kakar wannan shekara.

Sai aka kafa kyamarori a kowace gada. Irin kyamarar nan ce da mafarauta ke ɗaurewa a jikin itace: akwati ƙarami mai batir da katin ajiya, mai ido da ke jin zafin jiki haɗe da motsi, in dabba ta gitta ya ɗauki hoto, da dare kuma ya haska da hasken da idon mutum ba ya gani. Kowane hoto na ɗauke da kwanan wata da lokaci. Mafarauci na amfani da ita ne ya san wane namiji ke bi ta ina. A nan an saita su ne don su amsa tambaya biyu: nawa ne suka wuce, kuma cikin waɗanda suka zo bakin ramin nawa suka shiga nawa suka juya. Don haka ba a tsaya ga kallon cikin ramin kawai ba, har da filin da ke gabansa.

## Disamba 2008 zuwa Mayu 2011: abin da kyamarori suka gani

Cikin zagayen ƙaura uku, kyamarorin sun ƙirga wucewar barewa sau 49,146. A kula, wucewa aka ƙirga, ba kawuna ba. Barewar da ta gangaro a Disamba ta koma a Mayu an ƙirga ta sau biyu, wadda kuma ke kwana a arewa da kwalta tana kiwo a kudu ta shiga lissafi sau da yawa. Kuskure ne da mafarauta ma kan yi da nasu kyamarorin, mutum ya ga hoto hamsin ya zaci barewa hamsin ne, ashe mace ɗaya ce da 'ya'yanta ke zarya.

Hotunan sun fito da kalandar garken tiryan-tiryan. Gangarowa ta fi tsanani a tsakiyar Disamba. Komawa kuwa tana da kai biyu, ɗaya a tsakiyar Maris, ɗaya a farkon Mayu. A cikin yini, sassafe da goshin magariba ne suka fi motsi, daidai lokacin da idon direba ya fi rauni. Gadojin ma ba su raba aikin daidai ba. Biyu daga cikin bakwai ne suka ɗauki mafi yawa, ɗayarsu ita ce tsohuwar da aka gina a kan kafar asali.

Adadin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na masu juyawa. A shekarar farko, cikin barewa ɗari da suka zo bakin rami, 54 ne suka shiga. Sauran sun tsaya, sun miƙe wuya, kunnuwa a gaba, ga rugugin tirela a saman kansu, ga duhu a gabansu, sai su ja da baya su bi shinge. A shekara ta uku masu shiga sun kai 92 cikin ɗari. Babu abin da aka ƙara wa kankaren tsakanin shekarun nan. Dabbobin ne suka saba, kuma 'ya'yan da aka haifa a Yunin 2009 da na 2010 sun taso sun ga iyayensu na bi ta ramin kamar yadda aka saba bin kowane lungu na burtalin.

Karo da mota ya ragu da kashi 81 cikin ɗari. Kafin a yi gini, kowace alamar mil na cin barewa 0.75 a wata. Bayan an gama, 0.14. In an haɗa wurin duka, daga kusan goma a wata ya koma ƙasa da biyu.

Ragowar fa? Shingen na da ƙofofi da mutane ke bi. Masu binciken, ƙarƙashin jagorancin Hall Sawyer, sun rubuta a rahotonsu na 2012 cewa da an riƙa barin ƙofofin a rufe a lokacin da ƙaura ta yi tsanani, da an ƙara rage mutuwar. Barewar da ta shigo ta buɗaɗɗiyar ƙofa ta fi wadda babu shinge shiga haɗari, domin yanzu tana tsakanin waya biyu, ita da motoci.

## Bayan 2011

An kwaikwayi aikin a wasu wurare na jihar. A 2012, yamma da garin Pinedale a kan hanya mai lamba 191, aka gina gadojin ƙasa shida da na sama biyu. Kyamarorin can sun ƙara wani darasi: kashi 79 cikin ɗari na barewa ta ƙasa suka bi, amma wata dabbar fili mai tsananin gudu da ake kira pronghorn, kashi 93 cikin ɗari nata ta sama ta bi. A 2023 aka kammala wasu gadojin ƙasa tara tsakanin La Barge da Big Piney, a wata makiyayar hunturu ta wannan garke na Wyoming Range. A ƙarshen shekarar kuma gwamnatin tarayya ta ba jihar fiye da dala miliyan 24 don irin wannan aiki a kan hanya mai lamba 189, kudu da Kemmerer.

Sai dai a tsakanin nan garken ya gamu da abin da kankare ba ya tarewa. Hunturun 2022 zuwa 2023 ya yi tsanani ƙwarai, ƙanƙara ta binne abincin watanni. Duk 'ya'yan da masu bincike suka rataya wa na'ura a wannan garke sun mutu, haka ma mafi yawan matan. Ƙiyasin hukuma ya faɗo daga wajen 30,000 zuwa wajen 11,000. Aka rage kwanakin farauta, aka zaftare lasin baƙi.

## Hukunci

In aka jera gwaje-gwajen, za a ga madubi ya nemi barewa ta sauya hali, allo da fitila sun nemi direba ya sauya hali. Dukansu sun faɗi, kuma dalilin faɗuwarsu ɗaya ne: barewa ba za ta bar hanyar uwarta ba, direban da ke da kilomita ɗaruruwa a gabansa ba zai rage gudu don abin da bai gani ba. Abin da ya yi aiki bai roƙi kowa komai ba, raba su kawai ya yi.

Shinge da gada kuwa ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya. Shingen 1989 mai kafa ya tara dabbobi a gaban mota. Gadar 2001 mai guntun shinge ta tura gawa gaba. Da an ja shinge cikakke babu gada, da lissafin hukumar hanyoyi ya yi kyau, garken kuma ya rasa makiyayar hunturunsa, wanda a ganina ya fi mutuwar 130 a shekara muni. Shekara 22 aka ɗauka daga dokar 1986 zuwa ginin 2008, kuma ba zan ce duka ɓata lokaci ba ne: gwajin katako ne ya ba da girman gadojin, kafar 1989 ce ta nuna inda za a haƙa ta farko. Amma shekaru bakwai da aka yi ana zaune da gada ɗaya, bayan an riga an ga tana aiki, suna da wuyar karewa.

Game da kyamara, darajarta a nan ta zo ne daga barinta da aka yi shekara uku da kuma saita ta kan masu juyawa. Da an kwashe ta bayan hunturun farko, da rahoton ya ce kusan rabin barewar na ƙin ramin, kuma da an sami mai cewa an yi asarar kuɗi.

Abin da aikin bai yi ba shi ma a faɗe shi. Layin dogo na nan a kwarin, jirgi na bi. Ƙofofin shingen har yanzu hannun mutum ke rufe su. Barewa wajen ɗari da ake cetowa a shekara kuma ba su ne ke yanke girman garke mai dubbai ba, hunturu da yanayin makiyaya ne ke yankewa, kamar yadda 2023 ta nuna. Sai dai a garken da ya koma 11,000 bayan wancan hunturu, kowace mace mai ciki da ta bi ta ƙarƙashin kwalta a Maris ta fi nauyi a lissafi fiye da lokacin da suke 30,000.